Kada Ka Ɗaura wa Bindigar Babanka Komai

Lugbe, Abuja
Ranar Alhamis

Isiyaku,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uwa, duk da raina a ɓace yake. Allah Ya sa takardar nan ta same ka da lafiyar jiki da sanyin kai, don na biyun ya yi maka ƙaranci kwanan nan. Allah Ya tsare ka a hanyar Uke, Ya tsare ka a gonar da za ka yi wa gadi, Ya raba ka da sharrin mutum da sharrin ƙarfe.

Ka lura ban ce Auta ba. Yau babu Auta a bakina, sunan da aka raɗa maka zan kira. Rubutu na zaɓa saboda jiya na yi maka magana da baki, ka cusa abin jin waƙa a kunne, ka ce, "Mama, no wahala," ka fice ka bar ni tsaye a tsakar gida kamar mai tallar da ba a saya ba. Takardar nan a cikin jakar bindigar zan sa ta, yadda ba za ka ciro ɗaya ba ka taɓa ɗayar ba. Rubutuna a karkace yake, na sani, da girmana na koye shi. Ka daure ka karanta har ƙarshe. Ni ma daurewa na yi na rubuta.

Bari na maimaita maka abin da na gani, tunda jiya ba ka tsaya ka ji ba. Da safe na shiga ɗakinka zan yi shara, sai ga bindigar babanka a jingine bayan durom ɗin ruwa, a jikin bangon da ke jiƙe tun farkon damina. Bindigar da Baffanka Idi ya yi ta zirga-zirga har takalminsa ya cinye kafin a mayar da takardar izininta zuwa sunanka. Ƙotarta ta katako ka manna mata sitikar 'yan ƙwallo. Bututun kuma ka naɗe shi da baƙin salatif, ka tura laya da jan ƙyalle a ƙarƙashi, daidai gefen hagu, ɗan gaba da inda ake karya ta a sa harsashi. Na zauna a ƙasa na warware salatif ɗin nan. Da ya fita, sai ga danƙo, sai ga jar tsatsa ta yi fure a kan lambar bindigar.

Da ka dawo ka ce, "Wa ya taɓa mini kaya?"

Na ce, "Kayanka? Ta girme ka a gidan nan."

Ka ce, "Haba Mama, bindiga fa harbi ake yi da ita, ba kai amarya ba. Ko ta yi ja ko ta yi fari, in na ja kunama za ta yi magana. Ɗanjuma ma ya ce gobe zai fesa mata fentin sojoji kyauta, ta zama sabuwa fil."

Ɗanjuma mai fentin mota! Wanda ya fesa ƙofar maƙwabciyarmu, kafin wata ya zagayo fentin ya fara ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa. Shi ne malaminka a kan bindiga yanzu. Kuma fentin sojoji. Kai soja ne? Saurayi Bahaushe, da ɗan gemunka, a bayan ɗan acaba, da bindiga mai launin kayan soja, naɗe da salatif, da laya, da jan ƙyalle, lamba ba ta karantuwa. Ka rufe ido ka kalli wannan mutumin a shingen binciken da ke hanyar Keffi, ka faɗa mini me za ka kira shi in kai ne mai binciken. Ni na san sunan da ake kiransa da shi, don na taɓa tsayawa kusa da shi ana kiransa.

Amma ba daga nan zan fara ba. Zan fara daga wautata ta farko, don ka san ba daga sama na samo abin da nake faɗa ba. Duk wata ɓarna da za a iya yi wa jikin bindigar nan, ni na riga ka yi mata.

Ina amarya, can ƙauyenmu na gabas, babanka ya tafi kasuwa ya bar ta a rataye. Na dube ta na ga ƙarfenta baƙi ƙirin. A gidanmu duk ƙarfen da ya yi baƙi, ƙazantar mace ce. Na ɗebo toka da yashi mai laushi da soso, na zauna a gindin turmi na dirje wajen bakinta kamar gindin tukunya, har ya yi fari yana ɗaukar ido. Ina ta murna, na jingine ta inda zai fara gani. Da ya shigo ya tsaya, ya dube ta, sannan ya ce, "Asabe, tuwo za mu tuƙa a ciki?" Na ce ai wanke masa na yi. Ya ce, "Kin tuɓe mata riga." Ranar na san baƙin nan ba datti ba ne, tun daga inda aka ƙera ta aka yi mata shi, shi ne ke tsakanin ƙarfen da iska mai laima. Ka duba wajen bakinta yanzu, za ka ga tsawon tafin hannu da ya fi sauran haske. Aikina ne. Shekarun nan duka babanka bai iya mayar da shi ba, kuma wurin ne ke fara tsatsa kullum.

Don haka, soson ƙarfe, yashi, toka, takardar goge katako ta kafinta, wuƙa, duk kada ɗaya ya kusanci jikinta. In ka ga ja ya fito, kada ka yi fushi da shi ka hau kankara. Ka ɗiga masa mai, ka bar shi ya sha, ka goge da tsumma mai laushi. In ya ƙi, akwai tsohon kwabo a gwangwanin babanka da na sa maka a jakar, jan kwabon nan na da. Ka jiƙa wurin da mai, ka riƙa shafawa da gefen kwabon a hankali, kamar kana sosa wa jariri baya. Kwabon ya fi ƙarfen taushi, zai ɗebe tsatsar ya bar baƙin. Kuma kafin ka taɓa ta da sunan goge-goge, ka karya ta, ka cire harsashi, ka leƙa ta ciki ka ga haske. Ko kai ka cire da hannunka ɗazu, ka sake leƙawa. Babanka bai taɓa tsallake wannan ba, shi da ya fi ka sanin ta nesa ba kusa ba.

Wauta ta biyu ita ce ta mai. Da na ji an ce mai take so, na ce ai wannan mai sauƙi ne. Na shafe ta da man gyaɗan da na soya ƙosai da shi, tun daga baki har gindi, katako da ƙarfe, na tsayar da ita a lungu bakinta sama. Man nan akwai gishiri a cikinsa, ban yi tunani ba. Da aka kwana biyu ya yi kauri ya zama danƙo, yana warin ɗoyi, tururuwa sun yi layi a kanta kamar an zuba sukari. Wanda ya yi yawa kuma ya gangara ya shige cikin katakon, wajen wuyan ƙota. Katakon ya sha ya yi baƙi ya yi laushi. Tsagewar da kake gani a wuyan, wadda babanka ya ɗinke da siririyar ƙusar tagulla, daga nan ta samo asali. Da ya ga tururuwar dariya ya yi, ya ce ko su ma farauta za su. Da ya ga katakon, dariyar ta tsaya.

Man girki ba nata ba ne. Manja ba nata ba ne. Baƙin man da ake juyewa daga injin janareta, wanda na san shi abokan aikinka za su miƙo maka, shi ma ba nata ba ne, datti ne kawai da ƙurar ƙarfe. Na zuba maka man keken ɗinkina a ƙaramar kwalba. A tsumma za ka ɗiga, ba a jikinta ba. Ka shafa har ƙarfen ya yi sheƙi kaɗan, amma in ka taɓa kada yatsanka ya jiƙe. In ka gama, ka jingine ta bakinta ƙasa a kan wani busasshen katako na ɗan lokaci, abin da zai gangara ya gangara waje. Ƙotar kuwa ba ta son man ƙarfe. Akwai guntun kakin zuma a gwangwanin, ka murza shi a tsumma ka shafe katakon, ka goge har ya yi santsi. Sitikarka na ɓare ta da ruwan ɗumi kaɗan da haƙuri mai yawa. Ta bar tabo mai kusurwa huɗu. Kullum ka gan shi ka tuna kai ka yi.

Yanzu ga wadda ta sa nake maka ihu jiya har maƙwabta suka leƙo. Kana ƙarami lokacin, an ce maka babanka ya yi tafiya. Daga baya ka ji cewa tsare shi aka yi, amma ba wanda ya faɗa maka dalili, kai ma ba ka tambaya ba.

Lokacin da tashin hankali ya iso yankinmu, maharba suka riƙa fita tsaron gari, babanka a cikinsu. Ni tsoro ya hana ni cin abinci. Na je na karɓo laya, na kai wa baduku ya ɗinke ta a jar fata mai faɗi, na zo na ɗaure ta tam a jikin bututun da hannuna. Na zaɓi wurin da na ga wasu 'yan zane-zane a ƙarfen, don a ganina wurin ado ne, ya dace da laya. Ban san rubutu ba, Isiyaku. Ban san lamba ce ba. Duk maharban garinmu akwai layu a bindigoginsu, ba wanda ya ga abin magana. Babanka ya ce, "Asabe, fata tana shan ruwa fa." Na fashe da kuka, na ce in ya cire ta to ya nuna bai damu da ya dawo ya same mu ba. Ya dube ni, ya bar ta. Saboda hawayena ya bar ta.

Da gari ya gagari zama muka baro, muka ƙare a Kuchigoro, sansanin 'yan gudun hijira a nan Abuja, a rumfar buhu da kwano. A can mutum ba ya so a san yana da bindiga ko da takardarsa, don kowa a tsorace yake da kowa. Na naɗe ta a leda baƙa, ninki a kan ninki, na ɗaure bakin, na tura ta ƙarƙashin katifa a kan ƙasa. Na ɗauka na kare ta daga ruwa. Kai ka san ruwan Abuja, ba irin namu ba ne da zai zuba ya wuce rana ta fito. Nan ƙasa kanta gumi take yi. Leda ba ta hana laima shiga, fita take hana ta. Damina guda bindigar nan tana kwance tana zufa a cikin leda, fatar layar tana tsotsa tana riƙewa.

Sai babanka ya samu aikin gadi a wani gini da ake yi a nan Lugbe. Ya ciro ta, ya ga tsatsa ta feso mata ko'ina, ya zauna ya bi ta da mai da kwabo har ta yi kyan gani. Layar kaɗai bai taɓa ba, don ina zaune ina kallonsa. Da hantsi muka hau mota tare, shi zai kai bindigar wurin aiki, ni zan ga ɗakin da za mu kama. Takardarsa tana aljihu. A hanyar filin jirgi aka tsayar da mu a shinge.

Jami'in bai yi mana rashin mutunci ba, kada ka ce na ce. Ya ce, "Baba, mene ne a buhun nan?"

Babanka ya ce, "Bindiga ce, ranka ya daɗe, ga takardarta."

Ya karɓa ya duba, ya juya bindigar sama da ƙasa, ya ce, "To ina lambar?"

Babanka ya nuna layar ya ce tana ƙarƙashi. Jami'in ya ce a cire. Igiyar ta ƙi kwancewa, sai da aka sa reza. Da fatar ta ɗago, ta ɗago da ɓawon tsatsa manne a jikinta, kamar yadda ɓawon gyambo ke biyo tsumma. Wurin ya yi rami-rami, ja da baƙi. Ba lamba, ba alamarta.

Jami'in ya ce, "Baba, takardar nan ta wata bindiga ce mai lamba. Wannan da ke hannuna ba ta da ko ɗaya. Ta ina zan san ita ce?"

Kafin ka ce me, mutane sun taru. Masu talla, 'yan acaba, fasinjojin wasu motoci. Na ji wani ya ce, "Sun goge lambar ne, haka suke yi." Wata mata ta ce, "Kidinafa ne, dubi layarsa!" Wayoyi suka tashi sama ana ɗaukar babanka bidiyo, mutumin da ya kwana a daji yana tsare 'ya'yan mutane. Ni kuwa na fizgi takardar ina ɗagawa ina cewa, "Ga shi an rubuta! Ku karanta, ga shi an rubuta!" Sai jami'in ya miƙo hannu a hankali, ya juya mini takardar a hannuna. Ashe a kife na riƙe ta. Wasu suka yi dariya. Har gobe ina jin dariyar nan.

Da jami'an ba su sa shi a motarsu da sauri ba, ban san abin da taron nan zai yi masa ba. Aikinsu suka yi, ban taɓa riƙe su a raina ba. Aka tsare shi har a bincika. Baffanka Idi ya yi ta kai da komo, har aka yarda aka jiƙa wurin da mai aka bar shi ya sha, aka goge, aka shafa alli a kai. Farin allin ya zauna a cikin ramukan rubutun, lambobin suka fito ɗaya bayan ɗaya, dishi-dishi. Ta ƙarshen, bakwai, tsatsa ta cinye rabin kanta. A kan wannan bakwai ɗin aka yi ta ja, wannan ya ce ita ce, wancan ya ce ba ita ba. Kafin a gama, kaka ta yi, an ba wani aikin ginin, babanka ya fito da tarin da bai rabu da shi ba har ya koma ga Allah.

Ka san abin da ya ce mini da ya dawo? Babu. Ya zauna ya sha kunu, ya tambayi ina kake. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Har yau ina jin haushinsa a kan wannan shirun, Allah Ya jiƙansa, kuma ina jin haushinsa da ya biye wa kukana ranar da ya san gaskiya tana wurinsa. Satin da ya fito na shiga ajin manya da ake yi a ƙarƙashin bishiya a Kuchigoro, ina zaune da allo cikin matan da na haifi kamarsu. Malamar ta tambaye mu me kowa ke so ta fara iya karantawa. Wata ta ce sunanta, wata ta ce saƙon waya. Ni na ce lamba.

To wannan bakwai ɗin, mai rabin kai, ita ka naɗe da salatif ka ɗora wa laya. A kanta tsatsar jiya ta fito. Ka gane yanzu? Ka gane abin da ya sa na jefar da tsintsiya na zauna a ƙasa?

Tun jiya take shan mai. Yau da safe na bi ta da kwabon, ina yi ina addu'a, jan ya fita. Na shafa alli na fita da ita hasken rana na karanta da bakina, tun daga ta farko har ta ƙarshe, na gwada da takardar. Bakwai ɗin tana nan, amma da ƙyar. Ba ta da sauran abin da za ta ba tsatsa. In ta sake ci sau ɗaya, shi ke nan, takardarka ta zama takardar wata bindiga, kai kuma ka zama mutumin da aka tare a hanya da ƙarfe marar suna. Babanka dattijo ne mai furfura, shi ya sa aka tsaya aka saurare shi. Kai saurayi ne, kuma zamanin ya fi na lokacin zafi. Mutane sun gaji da masu satar mutane, ba sa jiran a shafa alli.

Kada ka ce mini oganka zai tsaya maka. Mai gonar nan ko sunanka bai riƙe ba, a gabana ya kira ka Isa. Ranar da abu ya faru wayarsa a kashe za ta kasance, ko a ce ya yi tafiya. Ni ce zan tsaya da kwanon abinci a bakin ƙofar inda aka tsare ka, kuma wallahi ƙafafuna ba za su iya wannan tsayuwar karo na biyu ba.

Saboda haka ka ji, kuma ba shawara nake ba ka ba. Kada ka ɗaura mata komai. Ba laya, ba ƙyalle, ba salatif, ba robar tayar keke, ba igiya. Duk abin da ya kwanta a jikin ƙarfe ya daɗe, ruwa yana kwana a ƙarƙashinsa. Fenti ma haka, rufe tsatsar yake yi tana ci daga ciki ba ka gani, ya kuma cike ramukan lambar. In Ɗanjuma ya matso da gwangwanin feshinsa, ka ce uwarka ta ce ya je ya gyara ƙofar da ya ɓata.

A gonar za ka samu tsofaffin maharba cikin masu gadi. Ka girmama su, ka gaishe su da safe, amma akwai abin da za su ce ka yi da ba za ka yi ba. In ka harbi zomo ko gafiya karo na farko, za su ce ka shafa jinin a bakin bindiga don ta saba da kai. A garinmu ma ana yi. Jini yana cin baƙin ƙarfe fiye da ruwa, kafin ka ankara ya bar tabon da ba ya fita. In jini ya taɓa ta ko bisa kuskure, ka goge nan take. Ka ce musu babanka bai yi ba, kuma bai taɓa dawowa hannu wofi ba.

Na tambayi Baffanka yadda gonar take, ya ce ɗakin masu gadi manne yake da sito, kuma a siton ake tara buhunan takin zamani. Ka ga yadda takin nan ke cinye ƙofar kwano da bakin shebur? Haka zai yi mata, ko bai taɓa ta ba, iskarsa ta isa. Kada ta kwana kusa da shi, kada ta kwana wajen kejin kaji. Kada ka jingine ta a bangon siminti, kada ka kwantar da ita a ƙasa ko a ciyawa. Ka buga ƙusa biyu a katakon ɗaki, ka naɗe ƙusoshin da tsumma, ka ɗora ta a sama inda iska ke wucewa, kuma inda hannun kowa ba zai kai ba sai naka. Jakar da na ɗinka mata ta tafiya ce, don kada ƙarfen babur ya kankare ta. In ruwa ya taɓa jakar, ka ciro bindigar, ka shanya jakar daban. Leda kuwa, ko a mafarki.

Raɓar safiya ruwa ce. Zufar hannunka ruwa ce da gishiri, kuma kai tafinka kullum a jiƙe yake, tun kana yaro haka kake, irin na gidanmu ne. In ka ci tsire ko ƙuli da yaji, ka wanke hannu kafin ka ɗauke ta. Duk lokacin da ka sauka daga aiki, kafin shayi, kafin waya, kafin ka miƙe ƙafa, ka bi ta da tsumma daga baki har kunama, ka tsaya a kan lambar ka yi mata a hankali. Abin ba ya kai tsawon waƙa ɗaya daga cikin waɗanda kake cusa wa kunnenka. In kana da lokacin gyara gashin kanka a madubin babur, kana da lokacin wannan.

Ni da so samu ne da ba ka tafi ba. Na faɗa maka ka nemi koyon walda ko ɗinki, ka ce kai ba za ka zauna a inuwa kana jiran kwastoma ba. Na haƙura, kai namiji ne, kuma gadi ba abin kunya ba ne, da shi babanka ya so ya ciyar da mu. Amma ga sharaɗina, kuma Baffanka ya ji ya amince. Kowace Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, ka shafa alli a kan lambar, ka fita rana, ka ɗauki hotonta da wayar nan da ba ka rabuwa da ita, ka turo wa wayar Baffanka. Zai kawo mini. Na sa guntun alli a gwangwanin, kada ka ce ba ka samu ba. Ba shi zai karanta mini ba, ni zan karanta da idona. Ranar da na kasa karanta bakwai ɗin nan, ko ranar da Juma'a ta wuce hoto bai zo ba, zan ɗaura zanena na hau motar Keffi na sauka a Uke. Zan tambayi gonar har na same ta. A gaban abokan aikinka da oganka zan karɓe bindigar, na kai ta ga hukuma da hannuna na ce su riƙe. Ka ji kunya, ka yi fushi, ka daina gaishe ni shekara guda. Na yarda. Gara ka yi fushi da ni kana yawo da ƙafarka.

Ka san ni, ka san zan aikata.

Tsumman da ke cikin gwangwanin, shuɗin, daga rigar babanka na yanko shi, wadda yake sawa ranar Juma'a. Ta sha wanki har ta yi laushin da ba za ta karce komai ba. Na daɗe ina ajiyarta a ƙasan akwati, yau na sa mata almakashi. Kada ka goge takalmi da shi.

Layarka da jan ƙyallen suna wurina. Ba zan ɓoye maka ba, da na gama goge bindigar na sa ta a jaka, hannuna ya yi ta ƙaiƙayi. Tsoron nan na da ya dawo mini sabo, zuciyata tana cewa ki ɗaura masa wani abu, ko zare ne, kada ki bar yaron nan ya tafi daji haka. Na zauna a kan hannuwana har abin ya wuce. Na zuge jakar ban ɗaura komai ba. Abin da zan ɗaura maka na faɗa wa Allah a sujada, can ba ruwan da zai shiga ƙarƙashinsa.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya sa ka gama aikin nan ba ka taɓa ɗaga ta a kan ɗan Adam ba. Allah Ya rufe idon mugu daga gare ka, Ya sanyaya zuciyar duk wanda zai tare ka a hanya, Ya sa abin da ke takardarka da abin da ke hannunka su zama ɗaya a idonsa. Allah Ya jiƙan babanka, Ya yafe mini abin da na jawo masa. Ka riƙe salla, ka ci abinci, ka rufe ƙirjinka in ana ruwa.

Juma'a ina jira, Auta.

Mahaifiyarka,
Asabe